Yadda Ake Binciken Bambancin Addini Tsakanin Tagwaye Masu Kama Ɗaya

Tagwaye ne da suka fito daga ƙwai ɗaya, suka sha nono ɗaya, suka tashi a ɗaki ɗaya. Da suka kai shekara talatin sai ga ɗaya ba ya wasa da ibada, ɗayan kuwa sai an tuna masa. Wani lokaci ma ɗaya ya bi wata ɗariƙa ko wani addini dabam. Iyali na ganin wannan da mamaki, wani lokaci da damuwa. Mai bincike kuwa ya samu abin da ba ya samu a ko'ina, domin abubuwa biyun da suka fi rikita nazarin halayyar ɗan Adam, wato gado da tarbiyyar gida, a nan sun zo iri ɗaya. Duk abin da ya raba su, sai a neme shi a wani wajen.

Kafin a ɗora alƙalami a takarda, a san iyakar aikin. Binciken tagwaye ba shi da ma'aunin da zai auna gaskiyar wani addini, kuma ba ya leƙa zuciya. Abin da yake kamawa shi ne abin da mutum ya faɗa game da kansa da abin da yake aikatawa. A duk bayanin da ke tafe, idan aka ce tagwaye 100, ana nufin haihuwa 100, wato mutum 200.

Raba tambayar kafin komai

Kalmar addini a bakin mai bincike tana ɗauke da abubuwa aƙalla uku, kuma kowanne da irin amsarsa. Akwai addinin da mutum yake bi ko ɓangaren da yake ciki. Akwai yawan aikin ibada: zuwa wurin ibada, addu'a a kaɗaice, karatun littafi mai tsarki. Sai kuma nauyin da addini yake da shi a ransa idan zai yanke shawara. Wanda ya zuba ukun nan a kwano ɗaya ya fitar da lamba guda, ya ɓata aikinsa tun daga tushe.

Ga dalili. Lindon Eaves da Nicholas Martin da Andrew Heath sun duba dubban tagwaye a Ostireliya, suka wallafa a 1990 cewa ɓangaren addinin da mutum yake ciki daga gida yake tasowa. A wannan fanni tagwayen ƙwai biyu suna kama da juna kusan kamar tagwayen ƙwai ɗaya, alamar cewa tarbiyya ce ke aiki. Babban binciken jihar Bajiniya ta Amurka, mai mutum kusan 30,000, ya tabbatar da haka a 1999 ta hannun Brian D'Onofrio da abokan aikinsa, ya ƙara da cewa yawan ibada da tsananin riƙo su kam suna da ɗan rabo daga gado.

Labarin Oskar Stöhr da Jack Yufe ya nuna wannan a fili. An haife su a Tirinidad a 1933, aka raba su suna da wata shida. Oskar ya tashi a Jamus a matsayin ɗan Katolika, har ya shiga ƙungiyar matasan Hitila. Jack ya tashi wajen mahaifinsu a matsayin Bayahude. Da suka je jami'ar Minesota, inda Thomas Bouchard ya fara binciken tagwayen da aka raba a 1979, sai aka ga kowannensu yana sa robar ɗauri a wuyan hannu, kowannensu yana kora ruwan bayan gida kafin ya yi amfani da shi, kowannensu yana son yin atishawa da ƙarfi don firgita mutane. Ɗabi'u sun zo ɗaya, addini kuwa kowa ya ɗauki na gidan da ya rene shi.

Don haka ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya, ka ambaci wane fanni kake nufi, a wane shekaru, a cikin wace al'umma.

Tattara tagwayen

Hanya mafi inganci ita ce rajistar tagwaye da aka gina daga takardun haihuwa, irin ta Denmak da aka kafa a 1954. Amfaninta shi ne kai kake neman mutane, ba su suke zuwa da kansu ba. Idan sanarwa ka bayar ka jira masu sha'awa, za ka faɗa cikin abin da David Lykken da abokansa suka lura da shi tun 1978: kusan kashi biyu cikin uku na masu zuwa mata ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku tagwayen ƙwai ɗaya ne. A binciken addini akwai ƙarin matsala. Tagwayen da addini ya raba su har suka daina magana, su ne mafi wuyar samu, alhali su ne kake fi buƙata. Idan ɗaya ya amsa ɗayan ya ƙi, kada ka yar da amsar wanda ya amsa. Ka ajiye ta, ka kwatanta irin waɗannan da waɗanda suka amsa su biyu. In makinsu ya bambanta sosai, samfurinka ya karkata, kuma dole ka faɗi haka a rahoto.

Kada ka nemo mutane ta wuraren ibada. Wanda ba ya zuwa ba zai ji labari ba, sai ka tara masu riƙo zalla.

Yawa kuma ba abin ragi ba ne. Lissafin da Martin da Eaves da abokansu suka yi a 1978 ya nuna ana buƙatar tagwaye wajen 600 kafin a iya bambance tasirin gado da na gida da ƙarfin gwiwa. Wannan idan amsar maki ce mai hawa-hawa. Idan amsar e ko a'a ce, kuma jama'a sun rabu rabi da rabi, adadin zai ninka kusan sau uku. Idan abin ba ya samun fiye da mutum ɗaya cikin goma, kamar sauya addini a wurare da dama, zai iya ninkawa kusan sau goma. Shi ya sa duk inda za ka iya yin tambaya mai matakai biyar ko bakwai, ka yi ta, ta fi e ko a'a riba nesa ba kusa ba.

Ko da tagwayen ƙwai ɗaya ne abin sha'awarka, sai ka haɗa da na ƙwai biyu masu jinsi ɗaya, adadi kusan daidai. Su ne ma'aunin kwatanci.

Shekaru su ma a tsaya a kansu. Binciken Laura Koenig da Matt McGue da Robert Krueger da Bouchard na 2005, a kan tagwaye maza 169 na ƙwai ɗaya da 104 na ƙwai biyu, masu shekaru talatin da 'yan kai, ya gano cewa a ƙuruciya, bisa abin da suka tuna, rabon gado a riƙon addini kashi 12 ne cikin 100, na gida kuwa kashi 56. Da suka girma sai gado ya hau zuwa kashi 44, gida ya sauko zuwa 18. Yaro a gaban iyayensa yana yin abin da ake yi a gida. Sai ya fita ya zama mai ikon kansa sannan halinsa yake bayyana. Idan ka cakuɗa 'yan shekara 15 da 'yan shekara 50 a lissafi ɗaya, lambar da za ta fito ba ta wakiltar kowa.

Tantance wane irin tagwaye ne

Kada ka dogara da abin da iyaye suka ce an gaya musu ranar haihuwa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa mabiyiya biyu na nufin ƙwai biyu, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na tagwayen ƙwai ɗaya kowa da mabiyiyarsa yake zuwa, idan ƙwan ya rabu a kwana ukun farko. Mace da namiji su ne kaɗai ba sa buƙatar gwaji, na ƙwai biyu ne.

Hanya mai sauƙi ita ce tambayoyi uku ko huɗu, a yi wa kowane ɗan tagwai shi kaɗai. Kuna yara, kamarku kamar an tsaga kara ce, ko irin ta 'yan'uwa ce kawai? Baƙi suna rikita ku? Malamai fa? Iyaye fa? Irin waɗannan tambayoyi suna dacewa da gwajin jini a kusan kashi 95 cikin 100. Inda amsar biyun ta saɓa, sai a yi gwajin DNA: a goga auduga a cikin kumatu, a duba alamomin gado 15 ko 16. In duka suka zo ɗaya, ƙwai ɗaya ne.

Ga waɗanda za ka yi nazarin saɓaninsu na addini, gwajin DNA dole ne ga kowa, ko me takarda ta ce. Idan kashi biyar cikin ɗari na tagwayenka an sa su a rukunin da ba nasu ba, waɗannan kurakurai za su taru ne a cikin masu saɓani, tunda na ƙwai biyu sun fi saurin bambanta. Sai ka wayi gari kana bayanin tasirin muhalli a kan mutanen da gadonsu ma ba ɗaya ba ne. Ka kuma tambayi kowa tun farko ko yana son a gaya masa sakamakon. Wanda ya shekara arba'in yana ɗaukar kansa wani iri, labarin zai iya girgiza shi.

Takardar tambayoyi

Akwai ma'aunai da aka daɗe ana amfani da su. Na Gordon Allport da Michael Ross na 1967 yana raba wanda addini ne manufarsa da wanda yake riƙe da shi don wani amfani, kamar samun jama'a ko kwanciyar hankali. Na jami'ar Duke mai suna DUREL tambayoyi biyar ne kacal: ɗaya kan zuwa wurin ibada, ɗaya kan ibadar kaɗaici, uku kan matsayin addini a zuciya. Gajartarsa ta sa ya dace da babban bincike.

Sai dai yawancin waɗannan an gina su ne a kan Kiristocin Amurka, kuma nan ake yawan yin tuntuɓe. Tambayar sau nawa kake zuwa wurin ibada, wadda amsarta mafi girma ita ce fiye da sau ɗaya a mako, ba za ta raba Musulmi mai sallar jam'i sau biyar a yini da mai zuwa sau biyu a mako ba. Ga mace Musulma da take sallarta a gida, tambayar za ta nuna ta a matsayin mai sakaci, alhali ba haka ba ne. A addinan da ibadarsu ta fi yawa a cikin gida ma haka abin yake. Ka zauna da masana addinin mutanen da za ka bincika, ku gyara tambayoyin. Wani ya fassara, wani dabam ya mayar da fassarar zuwa harshen asali, a ga ko ma'ana ta zame. Sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 50 waɗanda ba sa cikin binciken.

A wannan gwaji ka duba yadda amsoshi suka bazu. Idan mutum tara cikin goma sun zaɓi matakin ƙoli, tambayar ba ta da amfani, domin lissafin tagwaye bambanci yake rarrabawa, inda babu bambanci ba abin rabawa. A al'ummar da kusan kowa zai ce addini na da matuƙar muhimmanci gare shi, sai ka koma ga ayyukan da ba dole ba: ibadar dare, azumin ganin dama, karatu a kaɗaice, kyauta a ɓoye. A nan ne mutane suke rarrabuwa.

Mutum yana ƙara wa kansa ibada idan aka tambaye shi. Kirk Hadaway da Penny Marler da Mark Chaves sun ƙirga masu shiga coci a wasu yankunan Amurka, suka wallafa a 1993 cewa adadin na gaskiya kusan rabin wanda mutane suke faɗa ne. Maganin wannan shi ne tambaya ta kusa. A maimakon sau nawa ka saba, ka ce ya lissafo abin da ya yi jiya daga farkawa zuwa kwanciya, ko a kwana bakwai da suka wuce. Ya cike takardar da kansa ba tare da ido a kansa ba.

Kowane ɗan tagwai ya amsa shi kaɗai, in da hali a rana ɗaya, a ɗakuna dabam. Idan ta waya ko intanet ne, kowa da lambarsa ta shiga. Tagwayen ƙwai ɗaya sun fi yawan tuntuɓar juna, in suka haɗa baki wajen amsa kamanninsu zai ƙaru a takarda, lissafi kuma ya ɗauka gado ne. A guji lokutan manyan bukukuwan addini da watannin azumi, sai dai in kowa a lokacin za a tambaye shi. Bayan mako biyu zuwa huɗu, ka sake ba wa mutum ɗaya cikin goma takardar nan dai. Za ka ga amfanin wannan nan gaba.

Lissafin

Ga kowane rukuni za ka fitar da lambar kamanci, wadda take tafiya daga 0, babu kama ko kaɗan, zuwa 1, kama cikakke. Kafin nan ka cire tasirin shekaru da jinsi. Tagwaye shekarunsu ɗaya ne, don haka idan tsofaffi sun fi matasa ibada, wannan kaɗai zai sa kowane tagwaye su yi kama, sai a jingina shi ga tarbiyyar gida bisa kuskure.

Tushen lissafin shi ne cewa tagwayen ƙwai ɗaya gadonsu kusan ɗaya ne gaba ɗaya, na ƙwai biyu kuwa a matsakaici rabi suka haɗa na ƙwayoyin gadon da mutane suke bambanta a kansu. Ana raba bambancin jama'a gida uku: A rabon gado, C rabon muhallin da suka yi tarayya a kai, E rabon abin da ya keɓanta da kowa. Ƙa'idar Douglas Falconer tana ba da kimantawar farko. Ga misali da lambobin da aka ƙirƙira don koyo kawai: a ce kamancin na ƙwai ɗaya 0.60, na ƙwai biyu 0.40. Ka cire 0.40 daga 0.60, ka ninka biyu, A ya zama 0.40. Ka cire A daga 0.60, C ya zama 0.20. Ka cire 0.60 daga 1, E ya zama 0.40.

Idan amsar e ko a'a ce, ana ƙirga dacewa. A ce a tagwaye 100, a 30 duka biyun suna aikata abin, a 20 ɗaya ne kawai, a 50 ba ko ɗaya. Ka ninka 30 sau biyu, 60 ke nan, ka raba da 60 haɗe da 20. Amsa kashi 75 cikin 100, wato idan ɗan tagwai yana yi, damar ɗan'uwansa ma yana yi ke nan. Wasu suna raba 30 da 50 su samu kashi 60. Duka ana amfani da su, amma na farkon ne za a iya kwatantawa da yawan abin a cikin jama'a, kuma dole ka faɗi wanda ka ɗauka.

Ƙa'idar Falconer ta leƙen farko ce. Don rahoto na gaske ana amfani da manhajar OpenMx, wadda take aiki a cikin manhajar lissafi mai suna R kuma kyauta ce. Tana ba da iyakar sama da ta ƙasa ta kowace lamba, tana karɓar amsoshi masu matakai, tana amfani da amsar wanda ɗan'uwansa bai amsa ba. Idan ka ga C ya fito ƙasa da sifili, wato kamancin na ƙwai ɗaya ya haura ninki biyun na ƙwai biyu, ƙwayoyin gado ne suke aiki a haɗe ba ta tarawa kawai ba, sai a gwada tsarin da ake sa D, wato rabon wannan aikin haɗuwa, a gurbin C. Da tagwayen da suka tashi tare kaɗai ba a iya kimanta C da D a lokaci guda.

Inda lissafin yake zamewa

Na farko zaɓin abokin aure. Lissafin ya ɗauka cewa iyaye sun haɗu ne ba tare da duba halin juna ba. A addini kuwa ma'aurata suna kama da juna fiye da kusan kowace ɗabi'a da aka auna. Idan uba da uwa duka masu tsananin riƙo ne kuma abin yana da rabon gado, 'ya'yansu na ƙwai biyu za su haɗa fiye da rabi a wannan fanni. Sakamakon shi ne A ya ragu, C ya kumbura. Gyaran sai an tambayi iyaye da matan aure da mazajen tagwayen, kamar yadda binciken Bajiniya ya yi.

Na biyu, an ɗauka cewa gida yana yi wa rukunan biyu mu'amala iri ɗaya. Amma tagwayen ƙwai ɗaya an fi yi musu sutura iri ɗaya, an fi sa su aji ɗaya, abokansu sun fi zama ɗaya. Ka sa tambayoyi kan wannan, da kuma sau nawa suke ganawa yanzu, ka duba ko masu yawan cuɗanya sun fi kama a addini. In sun fi, kada ka yi saurin yanke hukunci, domin zai yiwu kamar ra'ayi ce ta sa suke yawan haɗuwa.

Na uku, tagwaye suna tasiri a kan juna. Wani yana jan ɗan'uwansa zuwa wa'azi, wani kuma da gangan yake kaucewa hanyar ɗan'uwansa don a san shi da kansa. Ana gano alamar wannan ta kwatanta faɗin bazuwar maki a rukunan biyu. Idan na ƙwai ɗaya sun fi bazuwa, koyi da juna ne. Idan sun fi matsewa, neman bambanta ne.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Duk kuskuren awo cikin E yake faɗawa. Nan ne maimaita takarda zai yi maka rana. Idan kamancin amsar mutum da amsarsa ta bayan mako uku 0.80 ne, to 0.20 hayaniya ce kawai. A misalinmu na baya, E mai 0.40 rabinsa ne kaɗai bambanci na gaske.

Nazarin waɗanda suka saɓa

Nan ne zuciyar aikin take, kuma nan ne ya fi buƙatar haƙuri. Ka rubuta ma'anar saɓani kafin ka ga bayanan, ka ajiye ta da kwanan wata, don kada zuciya ta ja ka ka zaɓi iyakar da ta fi ba da labari mai daɗi. Masu lissafi suna da awon bazuwa, wato tazarar da maki suka saba yi daga tsakiya. Idan kamanci 0.60 ne kuma ka ce saɓani shi ne tazarar awo ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu za su shiga, wato kimanin 80 daga tagwaye 300. Idan ka ce awo biyu, ba za su wuce 8 ba. Ka san wannan tun kana tsara kasafi.

Sai ka sake auna su bayan wata shida. Wasu za ka tarar tazarar ta rufe, domin ranar farko ɗaya yana cikin wani yanayi ne mai wucewa. Waɗanda tazararsu ta tsaya, su ne na gaske.

Hirar a yi ta da jadawalin rayuwa. Takarda ce mai faɗi, shekaru a jere a sama, a gefe kuma layuka: wurin zama, makaranta, aiki, aure, haihuwa, rashin lafiya, rasuwar makusanci, abokai na kusa, malami ko jagoran da ya yi tasiri. A cike waɗannan tukuna, sannan a zo layin addini a tambaya yaushe abu ya sauya. Tsarin yana da dalili. Mutum idan ya ba da labarin sauyinsa yakan gyara abin da ya gabata ya dace da inda yake yanzu. Mai tsananin riƙo zai tuna kansa a matsayin mai sakaci ƙwarai a da, wanda ya yi sanyi kuma zai ce dama can yana da shakka. Kwanakin wata suna rage wannan. Ka kuma tambayi kowa game da ɗan'uwansa, ka ga inda labaran biyu suka haɗu. Masu hira su zama biyu, kowa da nasa, kuma kada a gaya musu wane ne mai yawan ibadar.

Abin da za ka fi kiyayewa shi ne wanne ya riga wanne. Ka tarar ɗan tagwai mai riƙo yana da mata mai riƙo. Ita ta ja shi, ko shi ne ya fara sauyawa sannan ya nemi irinta? Ka tarar wanda ya yi sanyi ya yi ƙaura zuwa babban birni. Birnin ne ya sauya shi, ko sauyin ne ya sa ya bar gida? In ba jadawali ya nuna tsari a fili ba, iyakar abin da za ka ce shi ne abubuwan biyu suna tafiya tare.

Ka shirya wa samun amsa kaɗan. Tun da Robert Plomin da Denise Daniels suka tayar da tambayar abin da ke bambanta 'ya'yan gida ɗaya a 1987, ake ta nema, kuma bitar da Eric Turkheimer da Mary Waldron suka yi a 2000 ta nuna cewa abubuwan da aka iya aunawa ɗan ƙaramin yanki suke bayyanawa. Da alama yawancinsa ƙananan abubuwa ne da suka taru, kowa da nasa: abokin ɗaki a makaranta, wata magana da ta zo a kan gaɓa. Jiki ma yana da nasa rabo. Binciken Aislan na 2021 ya nuna tagwayen ƙwai ɗaya suna bambanta da sauyin ƙwayar gado 5.2 a matsakaici tun farkon halitta, kuma Mario Fraga da abokansa sun nuna a 2005 cewa alamomin da ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su suna ƙara bambanta yayin da tagwaye suke tsufa. Waɗannan duka cikin E suke, don haka E ya fi abin da ake kira muhalli faɗi.

Amana da rubuta rahoto

Tarihin binciken tagwaye yana da tabo, daga ta'asar likitan Nazi Josef Mengele a kan tagwaye a sansanin Auschwitz zuwa raba jarirai tagwaye da aka yi a Niyok a shekarun 1960 ba da sanin iyayen riƙo ba. Saboda haka sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma kowane ɗan tagwai ya sa hannu da kansa. Yardar ɗaya ba ta wadatar wa ɗayan.

A batun addini sirri yana da nauyi na musamman. Akwai wanda zai gaya maka abin da ɗan'uwansa bai sani ba, akwai wuraren da fitar irin wannan magana zai jawo rabuwar aure, korar gida, ko abin da ya fi haka. Sunaye su zauna a wuri ɗaya a kulle, amsoshi a wani wuri da lambobi kawai. Kada a aika wasiƙar da kanta yake nuna an zaɓe su ne don sun saɓa. A rahoto, tagwayen ƙwai ɗaya masu addini biyu ba su da yawa, shekaru da sana'a da gari kaɗai sun isa a gane su, don haka a sauya ko a cire.

Wajen rubutu, lambar gado ta jama'a ce, a wuri ɗaya da zamani ɗaya. Kashi 44 na nufin kashi 44 na bambancin da ke tsakanin mutanen da aka auna, ba kashi 44 na imanin wani mutum ba. Inda aka matsa wa kowa ya yi abu ɗaya lambar takan sauka, inda aka sakar wa mutane mara takan hau. Kusan duk alƙaluman da ake da su daga Amurka da Ostireliya da arewacin Turai suka fito, kada ka ɗora su a kan wata al'umma ba tare da awo ba. Ka guji maganar ƙwayar gado ta imani. Iƙirarin Dean Hamer na 2004 cewa wata ƙwayar gado mai suna VMAT2 tana da hannu a imani bai bayyana ko kashi 1 cikin 100 na bambancin da ya auna ba. Kowace lamba ka sa ta da iyakokinta na sama da ƙasa, ka faɗi mutum nawa ka gayyata da nawa suka amsa.

Tun a takardar izini ta farko ka nemi yardar sake tuntuɓarsu, ka karɓi hanyoyi biyu na samun kowa, ka riƙa sabunta adireshi duk shekara. Awo na biyu bayan shekara biyar shi zai ba ka damar ganin tagwayen da suke tare a yau suka rabu gobe, da bayanan rayuwarsu a hannunka tun kafin rabuwar.